DARASI: IDAN ƊAN'UWA YA CE YA GAJI DA RAYUWA

Darasinmu na wannan wata ya shafi maganar da ba a son ambato a zaure, wato mutum ya kashe kansa. A Kano, daga unguwannin cikin ganuwa har zuwa Sabon Gari, idan wannan masifa ta afka wa gida, akan rufe bakin kowa, a ce rashin lafiya ce ta ɗauke shi. Musulmi da Kirista duk mun yarda cewa rai na Allah ne, shi ya sa abin yake da nauyi a bakinmu. Amma shirun nan yakan hana mai wahala neman taimako tun da sauran lokaci.

1. Dalilin shirunmu

Dalili na farko kunya ce, gudun kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Na biyu, mukan jingina kowace cutar zuciya ga iskoki ko sammu. Na uku tsoron hukuma ne, gama dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wanda yake tsoron kunya da kurkuku, ina zai sami bakin faɗin damuwarsa?

2. Abin da masana suka gano

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da 700,000 ne suka mutu ta wannan hanya a shekarar 2019. Tun a 1897 masanin Faransa Emil Durkhaim ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa ga wanda zumunci ya yanke masa. Likitoci kuma sun bayyana ciwon damuwa mai tsanani: barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya riƙa ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa. Bashi, karyewar jari, mutuwar aure da shaye-shaye sukan ƙara wa wutar makamashi. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana kuwa da magani.

3. Koyarwar Ikilisiya

Waliyi Agustin ya koyar cewa dokar da ta hana kisankai ta haɗa har da kashe kai, kuma Ikilisiya tana nan a kan wannan. A dā horon yana da tsanani: Majalisar Braga ta 561 ta hana yi wa irin wannan mamaci jana'izar Ikilisiya, dokokin Ikilisiya na 1917 ma suka riƙe hanin. Dokokin 1983 sun cire shi. Katekizim na 1992, daga sashe na 2280 zuwa 2283, ya bayyana cewa mu masu riƙon amanar rai ne, amma taɓuwar hankali da matsanancin tsoro ko ƙunci suna iya rage alhakin mutum, kada kuma mu fid da rai ga cetonsa. Saboda haka ana yi masa Misa da addu'a, a kuma yi wa iyalinsa ta'aziyya kamar kowa.

Ku duba Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19. Annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, daga baya ya yi magana da shi.

4. Abin da ya wajaba a kanmu

Idan wani ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama da mutane, kada ku ce masa ya yi haƙuri kawai. Ku tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa; tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Ku saurare shi ba tare da faɗa ba. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kuma kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A ranar ku kai shi wurin likita: akwai Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Ku sanar da Fada ko Katekis, gama addu'a da magani tare suke tafiya.

Kai kuma da kake ɗauke da wannan nauyi a ɓoye, faɗa wa mutum ɗaya yau ɗin nan. Ba abin kunya ba ne.

Tambayoyi don tattaunawa a Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa:
(a) Waɗanne kalmomi muke faɗi da suke sa mai damuwa ya ɓoye ciwonsa?
(b) Wa ya daina zuwa Misa a unguwarku, wa kuma zai je ya duba shi a wannan mako?

Uwa Maryamu, mai ta'azantar da masu baƙin ciki, ki yi addu'a dominmu. Amin.