Darasi na Tara: Sifirin da Sikelin Kasuwa

Ku kwance biro irin wanda ake dannawa, za ku tarar da wata 'yar waya a nannaɗe a cikinsa. Ita ake kira sifirin. Idan kun matse shi sai ya takure, idan kun ja shi ya miƙe, da zarar kun sake shi kuma ya koma yadda yake. Roba ma tana da wannan hali, shi ya sa danƙon harbin tsuntsu yake cilla dutse. Yumɓu ba shi da shi: yadda kuka lanƙwasa shi haka zai zauna.

Sai dai taurin sifirin ba ɗaya ba ne. Na biro, yaro ma yana matse shi da yatsa biyu. Na babbar mota kuwa, ko ƙato ya hau kansa da ƙyar zai motsa.

A shekarar 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idar da ke bayan wannan: gwargwadon ƙarfin da aka ja sifirin da shi, gwargwadon miƙewarsa. Idan kilo 1 ya miƙar da shi santimita 2, to kilo 2 zai miƙar da shi santimita 4, kilo 3 kuma santimita 6. Wanda kilo 1 ya miƙar santimita 1 kacal ya ninka wancan tauri. Da wannan ƙa'ida sikelin ratayewa yake aiki, irin wanda ake auna nama ko kifi da shi.

Amma ƙa'idar tana da iyaka. Idan aka ɗora wa sifirin abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya saki, ba zai ƙara komawa daidai ba. Sikelin da sifirinsa ya saki yana nuna nauyi tun ba a rataya masa kome ba, mai saye ya biya kuɗin naman da bai karɓa ba. Saboda haka kafin a auna muku, ku duba ko allurar tana kan sifiri. Ku kula, sifiri lamba ce, sifirin kuwa ƙarfe ne. Ɗalibai da yawa sukan rikita su a jarrabawa.

Aiki
1. Kilo 1 ya miƙar da wani sifirin santimita 3. Santimita nawa kilo 4 zai miƙar da shi?
2. Ku yi jimla ɗaya da "takure", ɗaya da "miƙe".