Yadda Manhajar Nazarin Littafi Mai Tsarki Take Nemo Ma'anar Kalma

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe Alƙamus na Fairuzabadi, ƙamusun Larabci, ya san ba a samun kalma a yadda ta zo cikin nassi, sai an tuɓe mata ƙarin gaba da na baya an mai da ita ga asalin haruffanta, sa'an nan a san babin da za a nufa. To, wannan aiki na sarfu shi ne manhajojin nazarin Littafi Mai Tsarki, irin su Logos da e-Sword da Accordance, suke yi wa mai karatu cikin ƙiftawar ido, ko da yake mafi yawan masu amfani da su ba su lura da abin da ke gudana tsakanin latsa kalma da bayyanar ma'anarta ba.

Mataki na farko tun kafin littafin ya iso hannun mai karatu aka gama shi, domin malaman lugga sun bi nassin Ibrananci na Tsohon Alkawari da na Helenanci na Sabon Alkawari kalma bayan kalma, suka liƙa wa kowace alama a ɓoye, wadda ke nuna asalinta da hukuncinta na nahawu. Mafi shahara cikin alamomin nan su ne lambobin James Strong, malamin Amurka wanda ya fitar da fihirisarsa a shekarar 1890, ya ba kalmomin Tsohon Alkawari lambobi 8,674, na Sabon Alkawari kuma 5,624. Shi ya sa a e-Sword, idan ka buɗe fassarar da ake kira KJV+, za ka ga lamba kusa da kalma, da harafin H a gabanta in ta Ibrananci ce, ko G in ta Helenanci ce. Fassarar da ba a yi wa wannan hidima ba kuwa, manhaja ba ta ganin kome a cikinta face haruffan da ke bisa allo, kuma da su kaɗai za ta tafi neman ma'ana.

Alal misali, a Yohanna sura 21, daga aya 15 zuwa 17, mai karanta fassarar Turanci zai ga kalmar ƙauna guda ɗaya tana maimaituwa, amma da ya ɗora linzami a kanta sai lambobi biyu su bayyana, G25 a wani wuri, G5368 a wani, domin fi'ilai biyu ne a asali, agapao da phileo. Ko bambancin nan yana ɗauke da wata manufa ko kuwa salon marubuci ne kawai, wannan mas'ala ce da masu sharhi suka yi saɓani a kanta, manhaja kuwa iyakarta ta nuna maka cewa biyu ne.

Daga nan sai maganar fifiko tsakanin ƙamus da ƙamus, wadda ita ce gundarin al'amarin. Idan ka latsa kalma sau biyu a Logos, manhajar ba ta auna wane ƙamus ya fi inganci, ba ta kuma san wanda ya dace da bukatarka. Tana bin jerin da aka tsara mata ne daga sama zuwa ƙasa, ta tambayi na farko ko yana da babin wannan kalma, in yana da shi ta buɗe ta tsaya, in ba shi da shi ta gangara ga na biyu, haka har ta dace. Tsara jerin ba shi da wuya: ka buɗe ɗakin littattafanka a cikin manhajar, ka zaɓi sashen fifitawa, ka jawo sunan littafi ka ajiye shi a matsayin da kake so. Wahalar tana ga sanin wanda ya cancanci sama.

Ƙa'idar da ta fi amfani a ganina ita ce a ɗora ƙamus na musamman bisa na gama-gari. Dalili kuwa, babban ƙamusun Turanci kamar na Webster na 1828 kusan kowace kalma yana da ita, saboda haka in ya hau sama zai tare hanya, ƙamusun Littafi Mai Tsarki kamar na Easton ba zai taɓa samun damar buɗewa ba. Amma in aka juya tartibin, abin da na musamman ya rasa sai na gama-gari ya cike. Ƙamusun Ibrananci da na Helenanci ba sa karo da juna, tun da kowanne kalmomin harshensa kaɗai yake amsawa.

Sai dai a cikin harshe guda ma akwai abin lura. Ƙamusun Thayer na Helenanci, wanda ake samu kyauta saboda tsufansa, ya fito ne a 1886, kafin a ci moriyar tarin takardun da aka tono daga rairayin Masar, wasiƙu da takardun ciniki na talakawa, waɗanda suka tabbatar da cewa kalmomi da dama da ake zaton na Littafi Mai Tsarki ne kaɗai, ashe maganar kasuwa ce ta wancan zamani. Don haka wanda ya mallaki ƙamusun Helenanci na BDAG, bugu na uku na shekarar 2000, ya kamata ya sa shi gaba. Haka nan a Ibrananci, Brown-Driver-Briggs na 1906 yana nan da darajarsa, amma ƙamusun HALOT ya fi shi sabunta. Taƙaitaccen bayanin Strong kuwa, wanda mutane da yawa suke gina wa'azi a kansa, jerin kalmomin da masu fassarar King James suka yi amfani da su ne tare da ɗan ishara ga asali, bai kai a yanke hukunci da shi ba.

Idan ka gama tsara jerin, ka gwada shi da sunan gari ɗaya, da fi'ilin Ibrananci ɗaya, da na Helenanci ɗaya, ka duba sunan littafin da ya buɗe a kowanne. In ba wanda ka nufa ba ne, ka koma ka gyara tartibin kafin ka fara nazari.