Ƙasusuwan da Suka Zama Dutse

Ku iyaye, watakila wata rana ɗanku zai komo daga makaranta da wani labari. Zai ce malaminsu ya gaya musu a dā can akwai namun daji da suka fi giwa girma nesa, sunansu dinozor. Me za ku amsa masa? Kada ku yi saurin cewa tatsuniya ce. Ƙasusuwan waɗannan dabbobi suna nan cikin ƙasarmu ta Nijar, an tono su, an auna su. Bari mu bi maganar daki daki.

Abin da aka tono

Kudu maso gabas da Agadas, a bakin hamadar Tenere, akwai wani wuri mai suna Gadufawa. Masu neman uraniyum sun ga manyan ƙasusuwa a can, zube bisa rairayi. A 1965 wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya je ya fara tono. Daga baya wani Ba'amurke, Paul Sereno, ya zo da nasa mutanen.

Ga kaɗan daga abin da suka samu. Akwai Nigersaurus, wanda aka raɗa wa sunan ƙasarmu a 1999. Tsawonsa ya kai mita 9. Bakinsa mai fāɗi ne, haƙoransa sun fi 500, yana kiwo da kai ƙasa kamar saniya. Akwai Jobaria, mai dogon wuya, wanda aka tono a yankin Ingal a 1997. Tsawonsa ya wuce mita 15. An samu kuma wani ƙaton kada, Sarcosuchus, wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Shi ba dinozor ba ne, amma sun yi zamani ɗaya.

Ku lura da wannan. Kada ba ya zama inda babu ruwa. Ashe inda hamada take yau, dā koguna ne da itatuwa.

Yadda ƙashi yake zama dutse

In akuya ta mutu a daji, ungulu da kura da gara sukan gama da ita. Amma in dabba ta mutu a bakin kogi, ambaliya takan binne ta da laka nan da nan. Naman ya ruɓe, ƙashin ya saura. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa ƙashin, yana barin ma'adini cikin ƙananan ramukansa. A kwana a tashi, ƙashi ya yi nauyi, ya taurare, ya zama dutse. Daga baya iska da ruwan sama su share abin da ya rufe shi, sai makiyayi ya gan shi.

Yadda ake sanin shekarunsu

Ku tambayi mai haƙar rijiya. Zai ce muku ƙasa hawa hawa take: rairayi a bisa, sa'an nan laka, sa'an nan tsakuwa ko dutse. Hawan da yake ƙasa shi ya riga kwantawa, na bisa ya zo daga baya. Saboda haka ƙashin da yake hawan ƙasa ya girmi na hawan bisa.

Akwai kuma wani awo. Uraniyum da yake cikin waɗansu duwatsu yana juyewa ya zama dalma sannu sannu, an kuwa san saurin juyawarsa. In an auna wanda ya saura da wanda ya juye, sai a san shekarun dutsen. Da irin wannan awo, da kuma gwada hawan ƙasar wani wuri da na wani, masana suka lissafta dabbobin Gadufawa sun rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce.

Mutanen Adar ma suna da tasu shaida. Cikin duwatsun yankin Tawa akan sami kwasfar dabbobin teku da haƙoran kifi. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashin teku ya taru. Wannan teku ya janye tun shekaru miliyoyi.

Ina suka tafi?

Wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse mai fāɗin kilomita 10 ya faɗo daga sama a ƙasar da ake kira Meziko yau. Ƙura ta rufe rana, tsire tsire suka mutu, manyan dabbobin nan suka ƙare. Ba mutumin da ya taɓa ganinsu da rai, gama mutum ya zo can baya ƙwarai.

Amma zuriya guda ta tsira, wato tsuntsaye. A 1861 an sami wata halitta cikin dutse a Jamus, Archaeopteryx. Tana da gashin tsuntsu, amma da haƙora da doguwar wutsiya mai ƙashi. A 1996 aka sami dinozor mai gashi a ƙasar Sin. In kun yanka kaza ko zabo, ku duba ƙafar: yatsu uku a gaba, da ƙumba, da ɓawo kamar na kada. Ƙafar dinozor masu cin nama haka take.

Ƙaƙa jiki yake sākewa haka? Ku manoma kun san wani abu kamarsa. In kowace kaka kuka zaɓi zangarniyar geron da ta riga nuna, kuka ajiye ta iri, bayan shekaru geronku zai zama mai saurin nuna. A daji, fari da yunwa da maƙiya su ne suke zaɓe. Wanda jikinsa ya dace da wurin shi yake rayuwa ya haifu, ƴaƴansa su gāje shi. Charles Darwin, mutumin Ingila, ya bayyana wannan a 1859.

Abin da za ku gaya wa ɗanku

Masu bi ba su zama baki ɗaya ba a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta na Littafin Farawa. Waɗansu sun ɗauke su kwanaki irin namu. Waɗansu kuwa sun ce littafin yana koya mana Wanda ya yi halitta ne, duwatsu kuma suna nuna tsawon lokacin da hanyar. Amma ƙasusuwan, ba mai musunsu. In kuka ce wa yaro ƙarya ce, ran da ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya gan su tsaye, zai fara shakkar sauran maganarku. Gani ya kori ji. Gara ku zauna da shi, ku sa shi ya gaya muku abin da ya koya.

In kuma kun tarar da irin ƙashin nan a gona ko wurin kiwo, kada ku fasa shi, kada ku cire shi, kada ku sayar wa baƙo. Hawan ƙasar da yake ciki shi ne shaidar shekarunsa. Ku sa alama, ku gaya wa mai gari da hukuma. Gādon jikokinku ne.

Tambayoyi

1. Me ƙashin kada a hamada yake nuna mana?
2. Wane hawan ƙasa ya girmi wani, na bisa ko na ƙasa?
3. Don me bai kamata a cire ƙashin daga wurinsa ba?