Darasi na 7: Ganyen Miyarmu da Kariya daga Ciwon Daji

 Yau bayan an gama zubi, kafin a rufe akwati, za mu ɗan taɓa maganar tukunyar miya. Kuɗin da muke tarawa mako-mako, ciwo ɗaya na iya cinye su kaf, kuma ciwon daji, wato sankara ko kansa, yana cikin masu tsiyata gida.

Ga abin da nake so mu riƙe tun farko: cin ganye da kayan lambu kullum yana rage haɗarin kamuwa da wasu nau'o'in ciwon daji, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kama mutum.

Me ganye ke yi a jiki?

A cikin ganye da wake da hatsin da ba a surfe sosai ba akwai wasu zare-zare da ciki ba ya narkarwa. Su ne ke sa bayan gida ya fita da sauƙi, kuma masu cin su da yawa sun fi samun kariya daga ciwon dajin hanji. Ganye kuma yana cika ciki ba tare da ya sa ƙiba ba, ita kuwa ƙiba mai yawa tana jawo ciwon daji iri-iri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Kada abin ya ba mu tsoro. Gwaiba ko mangwaro da safe, kwaɗon zogale ko rama da rana, yalo biyu a tauna, miyar taushe da kabewa da alayyahu da dare, ai kun ga an kusa cikawa.

Yadda za mu dafa

1. A wanke ganye kafin a yanka. In an yanka sannan aka jiƙa, amfaninsa na bin ruwan.
2. Alayyahu da kabeji su shiga a ƙarshe, a rufe tukunya 'yan mintoci, a sauke da sauran korensu.
3. A rage kanwa. Na san tana sa miya yauƙi da saurin nuna, amma tana kashe wasu sinadaran gina jiki.
4. Karas da kabewa da tumatir suna son ɗan mai, domin da shi jiki ya fi ɗaukar amfaninsu.
5. Gishirin babba a yini kada ya kai gram 5, kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule. Yawansa na da alaƙa da hawan jini da ciwon dajin tumbi. Daddawa da albasa da tafarnuwa sun isa su ba miya daɗi.

A kula da gyaɗa

Kwaɗo ba ya daɗi sai da ƙuli-ƙuli, to a nan akwai lura. Gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna tana ɗauke da wata guba da ke jawo ciwon dajin hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kawar da ita. A tsince wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane ko take ɗaci, a zubar. Masu sana'ar ƙuli a cikinmu, don Allah kada araha ta sa mu sayi irin wannan. A busar da amfanin gona sosai, a ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa.

Abin da ƙungiya za ta iya

Da kuɗi kaɗan za mu sayi irin alayyahu da yakuwa da kuɓewa mu raba. Tsohon buhu da ƙasa da taki sun isa lambu a tsakar gida, zogale kuma a jikin danga. Da damina, lokacin da ganye ya wadata, a shanya shi a inuwa, a adana don rani.

Lokacin zuwa asibiti

In mace ta ji ƙulluto a nono, ko ta ga jini bayan ta daina al'ada ko bayan saduwa, ko jini a bayan gida, ko tana ramewa ba dalili, ta tafi asibiti a makon nan. Kada a tsaya jiƙa zogale, kada a ba mai tallar magani kuɗin adashi. Wanda aka gano da wuri ya fi jin magani. In kuɗin mota ne matsala, ai don haka muka ware asusun taimakon gaggawa. Sannan tun 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa kyauta. Mu tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane ganye ne ya fi samuwa a garinmu da rani?
2. Me ke hana mace faɗa in ta ji ƙulluto a nono, kuma yaya za mu taimaka mata?

Aikin mako: kowacce ta ƙirga sau nawa ganye ya shiga tukunyarta, ta zo mana da lissafin ranar zubi mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.