In Lissafi Ya Ƙi Haɗuwa

'Ya'yana masu karatun kasuwanci da akanta da kwamfuta, ko a Kadpoly kuke, ko Bayero, ko Kongo ta Zariya, maganar da nake so mu yi a kan wani dare ce da kowannenku zai gamu da shi. Malami ya ba da aiki, ka tara ɓangaren debit, ka tara ɓangaren kiredit, sun ƙi haɗuwa. An ɗauke wuta, fitilar wayarka ta kusa mutuwa, ga abokin ɗakinka ya gama nasa yana miƙo maka ka kwafa. To, ɗana, kada ka karɓa. A wannan daren ake zama akanta.

Tsarin debit da kiredit da ake koya muku daɗaɗɗe ne. A 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga shi a littafi a birnin Venis, kuma ba shi ya ƙago shi ba, abin da 'yan kasuwar ƙasarsu ke yi ne ya tsara. Kowane kuɗi sai an rubuta shi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, don littafin da kansa ya tona kuskure in an yi shi. Mu kuwa rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Saboda haka in ɓangarorin sun saɓa, littafin aikinsa yake yi, kai ne za ka bi sawu. Ka fara cire ƙarami daga babba. In bambancin ya rabu da 9 ba ragowa, mai yiwuwa ka juya lamba ne, ka rubuta 4,500 a wurin 5,400, bambanci 900. In ba haka ba, ka raba shi biyu: giɓin naira 6,000 sau da yawa naira 3,000 ce aka ajiye a ɓangaren da ba nata ba. Wanda ya taɓa kamo irin wannan da hannunsa ba ya mantawa. Kuma ko sun haɗu, kada ka yi saurin rufe littafi. Cinikin da aka manta ba a rubuta ba gaba ɗaya, ko bashin wani da aka sa a shafin wani, duk ba sa hana lissafi haɗuwa, sai ranar da mai bashi ya zo da rasit ɗinsa.

Na san shagunan bakin makaranta da ake sayar da firojet, a goge sunan wani a sa naka. Yanzu ma ga ChatGPT a aljihun kowa. Ba zan ce kada ku taɓa shi ba. Amma ku tambaye shi bayan kun gwada kun gaji, kuma ku sa shi ya yi muku bayanin dalili, sannan ku rufe wayar ku sake yin aikin da kanku. Ranar da aka ajiye maka littafin kamfani a gabanka, kai za ka sa hannu a ƙasa.

Kwas ɗin rubuta manhaja shi ne 'yan akanta suka fi ɗauka a matsayin na a ci a wuce, su ma 'yan kwamfuta haka suke raina na lissafin kuɗi. Duk ɓangarorin biyu suna cutar kansu. Ka buɗe Python ka ce ta tara 0.1 da 0.2. Ba za ta ba ka 0.3 cif ba, sai 0.30000000000000004, domin kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma akwai gutsattsarin lambobi da ba ta iya riƙewa daidai. Abin kamar wasa, amma a manhajar da ke tara dubban ciniki yana iya haifar da giɓin da za a zargi yaron kanti da shi. Shi ya sa gwanaye ke ajiye kuɗi da kobo, lamba cikakkiya. Kai ɗan kwamfuta, aikin farko da za a kawo maka a garinmu da wuya ya wuce manhajar kantin magani, ko ta kuɗin makaranta, ko ta albashi. In ba ka san yadda ake fitar da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ba, ko yadda ake mayar da hajar da aka dawo da ita cikin lissafi, iya kod ɗinka ba zai fisshe ka ba.

Littattafan kasuwancinku kuwa, yawancin misalansu na kamfanonin Amurka da Ingila ne. Ku karanta, amma da hutu ku kai karatun gida. Ke 'yata, ki riƙe wa Inna littafin ƙuli-ƙuli da man gyaɗarta na wata ɗaya. Kai kuma ka bi kawunka Kantin Kwari. Nan za ku ga cewa ciniki daban, riba daban, kuma riba a takarda ba ita ce kuɗi a hannu ba, in rabin kayan bashi aka ɗauka. Za ku ga kuɗin cefane na fita daga jari ba wanda ya rubuta. Za ku ga mai Keke Napep yana murnar abin da ya tara kullum, bai cire tsufan da keken ke yi ba, sai ranar da inji ya buga ya rasa na sayen wani. Sai dai ku shiga da ladabi. Dattijon da ya shekara talatin yana riƙe bashin mutum hamsin a ka, ya san wanda zai biya da wanda ba zai biya ba tun daga sallamarsa, kuma wannan ba a koyar da shi a aji. Kar ka ce masa lissafinsa ba daidai ba ne. Ka ce, "Baba, a ba ni in riƙa rubutawa don in koya."

Lokacin horon aiki na SIWES ma haka. Da yawa sa hannu kawai suke zuwa nema a littafin horo, su koma gida. In an tura ka ofis ana aikenka sayen abinci, ka je, ka dawo, sannan a ƙarshen wata ka roƙi akantan ya bar ka ka zauna kusa da shi yayin da yake gwada littafin ofis da takardar banki. Ka lura da yadda yake ware cekin da aka bayar ba a kai banki ba tukuna, da kuɗin da banki ya cire ba wanda ya sani sai da takardar ta iso. Wata mai zuwa ka ce a bar maka kai ka fara, shi ya duba.