Miƙaƙƙiyar Wutar Lantarki da Lissafin Ƙarfinta

Wutar lantarki iri biyu ce. Wadda kamfanin KEDCO yake rarrabawa a Gumel kai-komo take yi cikin waya, sau 50 a daƙiƙa guda. Wadda batir da faifan sola suke bayarwa kuwa hanya ɗaya take bi, don haka ake kiranta miƙaƙƙiya. Ita ce madogarar masu cajin waya da sola a kasuwar Maigatari.

Wannan wuta ba ta gudana sai da'irarta ta haɗe, wato ta fito daga batir, ta ratsa ƙwan fitila, ta komo. Ana auna turinta da bolt, yawan kwararta da amfiya, ƙarfin aikinta da wat. Idan aka ninka bolt da amfiya, wat ake samu. Alal misali, fitila mai wat 24 a kan batir mai bolt 12 amfiya 2 take ja, wato amfiya-awa 10 cikin awa 5. Rashin wannan lissafi ne yake kashe batir da wuri, domin batirin dalma yana lalacewa idan ana yawan zuƙe fiye da rabin cajinsa.

Aiki: Awa nawa wannan fitila za ta yi kafin batir mai amfiya-awa 60 ya kai rabi?