Shawarwari Takwas ga Magidanta kan Sakaci da Biyan Diyya

Yawancin ɓarnar da ake yi wa juna a unguwanninmu ba da gangan ake yin ta ba: rijiya a buɗe, wayar lantarki a ƙasa, akuya a gonar maƙwabci. Sai a ce ƙaddara ce, a rufe magana. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta sauke wa mai sakaci nauyin gyara abin da ya ɓata. Dokar ɓarna da Najeriya ta gada daga Ingila ta tanadi haka, fiƙihun Musulunci ma yana da babin lamuni da diyya. Ga abubuwan da ya kamata kowane magidanci ya sani.

1. Ka bambanta ƙarar laifi da ƙarar diyya. A ƙarar laifi hukuma ce ke gurfanar da mutum don a hukunta shi, kuma sai an kawar da duk wani shakku mai ma'ana. A ƙarar diyya kuwa wanda aka cuta ne ke zuwa kotu da kansa, hujjarsa ta rinjayi ta abokin shari'a ya wadatar. Don 'yan sanda sun saki direban da ya kaɗe ɗanka, hakan bai rufe maka ƙofar neman kuɗin magani ba.

2. Ka san ginshiƙai huɗu na ƙarar sakaci. Na ɗaya, wanda ake ƙara yana da nauyin kula da lafiyarka ko dukiyarka. Na biyu, ya gaza yin abin da mutum mai hankali zai yi a irin matsayinsa. Na uku, gazawar tasa ce ta haddasa abin da ya faru. Na huɗu, an samu asara ta zahiri, ko rauni, ko rashin dukiya. Idan ɗaya ya faɗi, ƙarar ta faɗi. "Ban yi da niyya ba" ba kariya ba ce, domin alƙali ba niyya yake tambaya ba, kula yake tambaya.

3. Ka gane wanda doka ke kira maƙwabcinka. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotlan, an saya wa wata mata, May Donoghue, lemon citta a kwalba mai duhu. Ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta kwanta ciwo. Ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai masana'antar. Duk da haka, a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa tana da damar neman diyya. Alƙali Lord Atkin ya bayyana cewa duk wanda aikinka zai iya shafa kai tsaye, har ya kamata ka sa shi a lissafi, shi ne maƙwabcinka, yana da hakki a kanka. Kotunan Najeriya na bin wannan ƙa'ida har yau. Uwargida mai sayar da zoɓo, kunun aya ko awara daga gida ta lura: duk wanda ya ci ko ya sha, yana cikin wannan lissafi.

4. Ka zagaya gidanka kafin damina. Rufe bakin rijiya da ramin masai da murfi mai nauyi. Gyara katangar da ta tsage. Kada kwatarka ko indararonka su riƙa zuba a gindin bangon maƙwabci. Ka nisanta janareto da tagogi, ka rufe wayoyin da suka zare. Mai gida na da nauyin kare duk wanda ya shigo da izininsa, kuma an fi tsananta masa idan yara ne, don yaro bai san haɗari ba.

5. Ka ɗaure dabbarka. Idan shanu, tumaki ko awaki suka shiga gonar wani suka yi ɓarna, mai su ne zai biya, ko da ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Kare kuwa, da zarar ka san yana cizo, duk wanda ya ciza alhakin na wuyanka.

6. Ka kula da wanda ka ɗauka aiki. Sakacin direbanka ko yaron shagonka, muddin a bakin aikinka ya faru, kai ma za a iya nema. Kada ka ba yaro marar lasisi makullin mota ko babur. Ka yi inshorar da ke biyan wanda motarka ta cuta; doka ta wajabta ta. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Ka tabbata takardar ta gaske ce.

7. Ka sani sakacinka na rage maka diyya. Wanda ya hau babur ba hular kwano, ko ya tsallaka titi bai duba ba, kotu na iya zaftare masa wani kaso gwargwadon laifinsa.

8. Ka adana hujja, kada ka yi jinkiri. Ɗauki hoto, rubuta sunayen shaidu, ka ajiye katin asibiti da rasit na kowane magani, domin kuɗin da ka kashe sai da ƙwaƙƙwarar hujja ake yarda da su. Kowace jiha na da wa'adin shigar da ƙara. Idan ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, wa'adin yakan zama wata 3 kacal. Marar hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Sanin doka ba gayyatar husuma ba ce. Sulhu a gaban mai unguwa ko dattawa ya fi arha, ya fi kuma riƙe zumunci. A dai rubuta abin da aka amince a kai, a sa hannu da shaidu. Wanda ya yi ɓarna ya biya tun ba a kai shi ƙara ba, wanda aka cuta ya yafe da saninsa idan ya ga dama, ba don an rufe masa baki ba. Maigida, tashi yau ka duba murfin rijiyarka.